Wane Abin Sauraro Ya Dace da Tabaran VR? Kwatanci Tsakanin Sifikar Jiki, Igiya da Mara Igiya

Ƙanena da ke zaune a Kubwa ya daɗe yana tara kuɗi domin ya mallaki tabaran nan na VR, wanda idan mutum ya ɗaura a fuska sai ya tsinci kansa a cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, duk inda ya juya kai ya ga abin da ke wannan ɓangaren. Da ya samu Meta Quest 3S, sai ya zo da shi gidana a Gwarinpa wata Asabar da yamma, riƙe da iyafis ɗinsa mai igiya, yana jujjuya tabaran yana leƙa kowace kusurwa. Ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, ni dai na rasa inda ake soka wannan." Na karɓa na duba, sannan na shaida masa cewa idonsa lafiya lau yake, ramin ne babu. Wannan samfurin, wanda ya fito a watan Oktoban 2024 a kan kimanin dala 300, bai zo da zagayayyen ramin nan mai faɗin milimita 3.5 ba, alhali Quest 2 na shekarar 2020 da Quest 3 na 2023 duk suna da shi.

Tun daga ranar nake son in rubuta wannan kwatancin, domin na lura cewa mai sayen tabaran yakan ƙarar da tunaninsa da kuɗinsa a kan abin da ido zai gani, sai ya isa gida sannan ya tuna da kunne. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, zaɓen abin sauraro a nan ba ya farawa daga tambayar wanne ya fi daɗin kiɗa. Yana farawa ne daga ramukan da ke jikin tabaranka, sannan ɗakin da kake amfani da shi, sannan tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya iso kunnenka. Daɗin sauti yana zuwa ne bayan waɗannan ukun.

Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a cikin tabaran nan ji ne ke gaskata gani. Idon mutum yana kallon abin da ke gabansa kaɗai, kunne kuwa yana sauraron gaba da baya da sama da ƙasa a lokaci guda. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ta hanyar abubuwa ƙanana ƙwarai: sautin da ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai milisakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, yakan kuma fi ƙarfi a can saboda kai ya tare wa kunnen hagu wani sashe nasa, sannan lanƙwasar fatar kunne tana sauya launinsa gwargwadon ko daga sama ya zo ko daga baya. Manhajar tabaran tana kwaikwayon waɗannan abubuwa duka, tana kuma sake lissafinsu duk lokacin da ka motsa kai, ta yadda idan kare yana haushi a bayanka ka juya, haushin zai dawo gabanka. Aikin abin sauraro shi ne ya kai wa kowane kunne rabonsa a ware, kuma a kan lokaci.

Wannan ya sa nake gargaɗi a kan hedifon ɗin wasanni da ake tallatawa da lambar 7.1. Wannan tsarin an yi shi ne domin mai kallon allon kwamfuta, inda ake ƙirƙirar kewayen sauti na jabu. Tabaran ya riga ya yi nasa lissafin na sararin sauti, idan aka ɗora wani a kansa sai wuraren su cakuɗe, ka ji takun sawu ka kasa gane ko daga hagu yake ko daga baya. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan hedifon ya kashe wannan tsarin ya bar shi a kan kunne biyu kawai, wanda bai saya ba kuma kada ya ƙara ko kwabo saboda shi.

Sai batun jinkiri, wanda a ganina shi ne ya fi kowane muhimmanci. Duk wanda ya taɓa hango mata suna daka daga nesa ya san yadda ake ganin taɓarya ta sauka a turmi, sai can a ji dukan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa ɗaya. Iyafis na Bluetooth da aka saba amfani da shi a wayar hannu yakan yi jinkirin da ya kai milisakan 150 zuwa 250, kuma jinkirin milisakan 200 daidai yake da jin abin da ke nesa da kai da kusan mita 70. To, a cikin tabaran, hannunka ne ya bugi ƙwallo a gabanka, amma kunnenka yana gaya maka cewa a can ƙarshen layi aka buga. Idan tabaran yana sauya hoto sau 90 a daƙiƙa, hotuna 18 sun wuce kafin sautin na farkon ya iso. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda da wannan saɓanin, kuma da zarar ta ƙi yarda, abin da ka kashe kuɗi dominsa, wato jin kamar kana wurin, ya tafi.

Sifikar da ta zo da tabaran

Tabaran Quest duka suna da ƙananan sifikoki a cikin hannuwan da ke riƙe maɗaurin kai, suna hura sauti zuwa kunne ba tare da sun taɓa shi ba. Mutane da yawa suna raina su, ni kuwa ina ganin sun cancanci a ba su mako ɗaya ko biyu kafin a yanke musu hukunci. Ba su da jinkiri, ba sa buƙatar caji na daban, ba sa ƙara nauyi a kan na'urar da ta riga ta haura giram 500, ba sa sa kunne gumi, kuma idan za ka miƙa wa wani tabaran, cirewa kawai za ka yi ka ba shi. Kamfanin Meta ya ce na Quest 3 sun fi na Quest 2 ƙarfi da kashi 40 cikin 100, kuma wanda ya saurari duka biyun zai ji bambancin.

Suna da wata fa'ida da ba a cika ambata ba a tallace-tallace, wadda ta shafi irin zaman gidajenmu. Mutumin da ya rufe idonsa da tabaran, kunnensa kaɗai ya rage masa ya san abin da ke faruwa a ɗakin. Da kunne ne zai ji sallamar baƙo a ƙofa, ya ji kiran salla, ya ji maiɗakinsa tana magana, ya kuma ji ƙaramin yaro ya rarrafo kusa da ƙafarsa a daidai lokacin da yake shirin kai hannu da ƙarfi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa duk lokacin da yara ke falo ba na toshe kunnena da komai.

Rauninsu kuwa guda uku ne. Sifika ƙarama da ke buɗe ba ta iya fitar da kaurin sauti, saboda haka rugugin tsawa ko gurnanin injin mota sukan fito sirara. Sannan duk abin da kake ji, na kusa da kai ma yana ji, wanda ya sa wasan dare a ɗaki ɗaya da mai barci ba ya yiwuwa. Na uku shi ne wanda mazaunin Abuja ya fi sani: idan aka ɗauke wuta, janaretocin maƙwabta suka tashi a Lugbe ko Nyanya ko Kubwa, ƙugin da suke yi yana zaune ne a daidai wurin da waɗannan sifikoki suka fi rauni, sai ka ƙure ƙarar amma rabin abin da ke cikin wasan ya nutse.

Iyafis mai igiya

Idan tabaranka yana da ramin milimita 3.5, wannan ne zaɓin da nake fara ba kowa, kuma shi ne mafi araha. Igiya ba ta da jinkirin da kunne zai kama, ba ta da batir da zai mutu a tsakiyar wasa, ba ta kuma neman a haɗa ta da wani abu a cikin saituna. Iyafis mai robar da ke shiga cikin kunne yana tare hayaniyar waje da kyau, kuma saboda ya rufe kunnen, kaurin sauti yana fitowa sosai ko da iyafis ɗin ba mai tsada ba ne. Bambancin da ke tsakaninsa da sifikar jiki a wasan ban tsoro ko na tseren mota yana da girma, har mutum ya fara jin ƙananan abubuwan da bai san suna cikin wasan ba, kamar ɗigar ruwa a bayansa ko numfashin wani a gefe.

Matsalarsa ita ce igiyar kanta. An yi igiyar iyafis na yau da kullum ne domin ta kai daga kunne zuwa aljihu, tsawonta ya haura mita ɗaya, alhali daga kunne zuwa ramin tabaran bai fi taƙi ɗaya ba. Ragowar sai ta yi ta lilo a ƙirji, kuma a wasan da ake wurga hannu kamar Beat Saber, inda ake saran akwatunan da ke tahowa daidai da kiɗa, ba a daɗewa hannu zai kama ta ya fizge, wani lokaci har ramin ya samu lahani. Saboda haka ne aka ƙera masu gajeriyar igiya musamman domin tabaran, kamar Logitech G333 VR da aka yi wa Quest 2. Amma ba dole ne a nemo wannan ba. Wanda ya naɗe ragowar igiyar ya ɗaure ta a jikin maɗaurin kai ta baya, ya bar abin da zai kai kunne kawai, ya samu kusan abu guda ba tare da ya kashe komai ba. Filogin da ya lanƙwasa kamar kusurwa ya fi miƙaƙƙe, domin ba ya turowa waje inda kafaɗa ko hannu zai buge shi.

Akwai wani abu da yakan tsorata mutane a lokacin hunturu. Idan iska ta bushe a watan Disamba da Janairu, igiya tana gogar riga, sai mutum ya ji ɗan tsini kamar tartsatsi a cikin kunne. Wannan wutar da jiki ke tarawa ce a busasshen yanayi, irin wadda ake ji idan an taɓa ƙofar mota, ba lalacewar tabaran ba ce, kuma ɗaure igiyar ta daina gogar tufafi yana rage ta.

Inda ba na ba da shawarar iyafis sam shi ne inda ake karɓa-karɓa. Ranar salla, idan 'ya'yan 'yan uwa suka yi layi kowa yana jiran a sa masa, ko a shagon wasanni inda baƙi ke shiga da fita, abin da ya shiga kunnen wani bai kamata ya shiga na wani ba. A nan sifikar jiki ko abin da ke tsayawa a wajen kunne ne ya dace.

Masu zama a kan kunne da masu shawagi a gefensa

Tsakanin buɗaɗɗiyar sifikar jiki da toshewar iyafis akwai wani rukuni da nake jin ya fi dacewa da yanayinmu. Kamfanin Valve ne ya nuna ƙimar wannan tsarin a tabaransa mai suna Index a 2019, inda ya rataya sifikoki biyu masu ɗan girma suna shawagi a gefen kunne ba tare da sun taɓa shi ba. Har yau masu wannan harka suna auna sautin sauran tabarau da nasa, kuma HP Reverb G2 ma irin waɗannan sifikokin ya ɗauka. Da yake sautin yana fitowa daga waje ya bi ta lanƙwasar kunnenka kamar kowane sauti na duniya, sai ka ji kamar a cikin ɗakin yake tashi, ba a tsakiyar kanka ba kamar yadda iyafis yakan sa a ji. A 2022 Logitech ya fitar da Chorus a kan kimanin dala 100 domin ya kawo wa Quest 2 irin wannan, ana zura shi a hannuwan tabaran, yana shan wuta daga ramin USB-C, yana kuma da wani ramin a jikinsa domin caji. An ƙera shi ne a kan ƙirar Quest 2, saboda haka mai wani samfurin kada ya saya da zaton zai zauna masa.

Masu zama a kan kunne kuwa, waɗanda ke da soso mai laushi, sun fi sauƙin samu. Koss Porta Pro, wanda yake kasuwa tun 1984, da ɗan uwansa KSC75 mai maƙalawa a bayan kunne, sun samu karɓuwa a wurin masu tabarau saboda ba su da nauyi kuma sautinsu ya fi kuɗinsu. Kamfanoni masu yin maɗaurin kai irin su KIWI design suna sayar da nasu da ake maƙalawa a jikin maɗaurin, a sauke su a kan kunne idan za a fara, a ɗage idan wani ya yi magana. Tun kafin su, HTC ya yi wa tabaransa Vive maɗauri mai haɗe da hedifon a 2017, wanda mutane suka riƙa cirowa suna ɗaura wa Quest da 'yan mahaɗan roba saboda daɗin da yake da shi.

Abin da ya sa nake fifita wannan rukunin shi ne zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Abuja yakan haura digiri 35, tabaran kuma ya riga ya manne a goshi da kumatu yana tara gumi. Abin da zai bar iska ta ratsa kunne yana ƙara wa mutum mintoci masu yawa kafin ya gaji. Sai dai su ma suna zubar da sauti waje, kuma ba sa tare ƙugin janareta sai kaɗan, ko da yake suna da ƙarfin da za su rinjaye shi fiye da sifikar jiki.

Babban hedifon mai rufe kunne ruf, ba zan daɗe a kansa ba. Sautinsa ya fi na kowa cika, yana kuma tare hayaniya, amma bakansa yana karo da maɗaurin tabaran, musamman maɗauri mai tauri da ke da batir a ƙeya, yana ƙara nauyi a kan wuyan da ya riga ya ɗauki rabin kilo, kuma yana zamewa idan aka sunkuya. Fatar roba da ake lulluɓe sosonsa da ita takan fara ɓarewa idan ta sha gumi da zafi. Ya dace da wanda ke zaune a kujera yana tuƙin mota ko jirgin sama a ɗaki mai sanyi. Wani abokina da ke Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200 kuma sanyin dare ke sa a nemi bargo, shi ba ya ganin laifinsa ko kaɗan, kuma a garinsu yana da gaskiya. Wanda zai bi wannan hanyar ya duba lambar da ake rubutawa da om a jikin kwali, wadda ke nuna wuyar tura shi: mai om 32 ko kusa da haka tabaran zai iya tura shi, amma na ɗakin ɗaukar sauti mai om 250, kamar wani nau'in Beyerdynamic DT 770 Pro, zai fito da rauni ko an ƙure ƙara.

Mara igiya iri biyu ne

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin a ido duka iri ɗaya ne: 'yan iyafis biyu a cikin ƙaramin akwatin caji. Na farko shi ne Bluetooth zalla, irin wanda kusan kowa yake da shi a aljihu. Tabaran zai karɓe shi, zai kuma yi aiki, amma da jinkirin nan da na yi bayani. Ga mai kallon bidiyo abin da sauƙi, domin manhajar kallo takan iya riƙe hoto kaɗan ya jira sauti. Wasa kuwa ba shi da wannan damar, saboda bai san lokacin da za ka kai duka ba sai ka kai. Beat Saber yana da wurin daidaita jinkiri a saitunansa, wanda ke sa kiɗan ya hau daidai da akwatunan da ke tahowa, amma ƙarar saran da kai ka yi za ta ci gaba da zuwa a makare. Wanda yake da irin wannan iyafis ya yi amfani da shi wurin kallo, amma kada ya sayi sabo domin tabaran.

Na biyu shi ne mai zuwa da 'yar mahaɗarsa, wata ƙaramar aba da ake sokawa a ramin USB-C, tana aika sauti kai tsaye zuwa iyafis ɗin ta zangon gigahaz 2.4 ba tare da bin hanyar Bluetooth ta yau da kullum ba. Soundcore VR P10 na kamfanin Anker, wanda ya fito a 2022 da amincewar Meta, shi ne sanannen misali, kuma masu shi sun ce jinkirinsa bai kai milisakan 30 ba. Idan aka koma ga lissafinmu na ɗazu, wannan kamar jin abu ne daga nisan mita 10, wanda yawancin kunnuwa ba sa kamawa. Mahaɗar tasa tana da rami a jiki da za a soka caja ko fawabank, kuma wannan ba ado ba ne, domin batirin Quest bai cika wuce awa biyu da 'yan mintoci ba, ramin kuma guda ɗaya ne tak. Duk mahaɗar da ta toshe ramin ba ta bar hanyar caji ba, ta tilasta maka zaɓi tsakanin sauti da wuta.

Abin da ake biya a madadin wannan 'yancin shi ne ƙarin kayan caji. Tabaran yana neman wuta, maɗauri mai batir yana nema, yanzu ga iyafis da akwatinsa, a garin da ba kullum ake samun wutar ba. Batirin irin waɗannan ƙananan abubuwa yana raguwa da shekaru kuma ba a cika iya sauya shi ba, alhali iyafis mai igiya zai yi aiki muddin igiyar ba ta tsinke ba. Sannan ƙaramin abu ne da kan iya zamewa daga kunne mai gumi a lokacin da idonka ke rufe, ka taka shi ba ka sani ba. Mai yin motsa jiki da tabaran ya nemi wanda aka rubuta wa IPX4 ko sama, alamar yana jure fantsamar ruwa da gumi. Wasu daga cikinsu, kamar Sony INZONE Buds, suna da fasahar kashe hayaniya, wadda ta fi ƙwarewa a kan ƙugi mai ɗorewa irin na janareta da fanka fiye da muryar mutane, kuma ga mazaunin unguwa mai yawan janareta wannan ƙarin yana iya cancantar kuɗinsa.

Kowane tabarau da abin da ya karɓe shi. Mai Quest 2 ko Quest 3 yana da dukkan ƙofofin a buɗe, kuma ni da zan zaɓa masa, iyafis mai igiya zan ba shi domin dare, da mai zama a kan kunne domin rana. Mai Quest 3S ko Pico 4, wanda shi ma ba shi da zagayayyen ramin, hanyoyinsa biyu ne: ko dai 'yar mahaɗar da ke mayar da USB-C ramin iyafis, irin wadda Apple ke sayarwa dala 9 a Amurka, ko kuma mara igiya mai mahaɗarsa. Idan ta farkon zai saya, ya nemi mai baki biyu, ɗaya na sauti ɗaya na caji, ya kuma gwada ta a jikin tabaran, domin ba kowace ke yin aikin biyu a lokaci guda ba. Wanda ke haɗa tabaransa da kwamfuta ta kebul ya tuna cewa kebul ɗin ya riga ya cinye ramin, sai dai ya soka mahaɗar mara igiyar a jikin kwamfutar ya karɓi sautin daga can.

PlayStation VR2, wanda Sony ya fitar a Fabrairun 2023, nasa lamarin daban ne: ba shi da sifika ko ɗaya a jikinsa, sai ramin milimita 3.5 da iyafis mai gajeriyar igiya da ke zuwa a cikin kwali, wanda ake maƙalawa a bayan maɗaurin. Mai sayen na hannu ya tabbatar wannan iyafis ɗin yana ciki. Idan yana son mara igiya, da na'urar PlayStation 5 zai haɗa, ta hanyar Pulse 3D ko Pulse Explore masu tasu mahaɗar. Apple Vision Pro kuwa, mai dala 3,499, yana da sifikokinsa a gefen kunne, ba shi da ramin igiya, kuma AirPods Pro na biyu mai akwatin USB-C yana daga cikin waɗanda aka tsara su yi magana da shi ba tare da jinkirin da aka saba ba. Makirfo kuma kada ya ɗaga wa kowa hankali, duk waɗannan tabarau suna da nasu a jiki.

Game da saye, manyan shagunan kayan waya na Wuse 2, irin su Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano, nan ne mafi yawan mutanen Abuja ke fara dubawa, kuma iyafis mai igiya da mahaɗar USB-C ba sa wuyar samu. Kayan da aka ƙera musamman domin tabarau sun fi ƙaranci, sau da yawa sai an yi odarsu daga waje, kuma kuɗin dako da canjin dala kan sa abin dala 100 ya zama babban al'amari. Ko a ina mutum zai saya, ya tafi da tabaransa a jaka. Ya soka abin a gaban mai shago, ya buɗe wasan da ya sani, ya tabbatar sautin dama yana fita a dama, ya juya kai ya ji ko sautin ya tsaya a inda yake, ya taɓa maɓalli ya saurari ko ƙarar tana zuwa tare da taɓawar, sannan ya soka caja ya ga ko wuta tana shiga a lokacin da sauti ke fita. Minti biyar ɗin nan sun fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali.

Akwai kuma lafiyar kunnen kansa, wadda nake ɗauka da muhimmanci domin ji idan ya tafi ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin desibel 80, wato awon ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako ga babba, da desibel 75 ga yara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da aka yarda da shi da rabi. Haɗarin buɗaɗɗen abin sauraro a wuri mai hayaniya shi ne mutum yakan yi ta ƙara murya domin ya rinjayi janareta, har ya wuce iyaka bai sani ba. A irin wannan yanayin iyafis mai toshe kunne ya fi aminci, saboda yana ba ka damar ji sarai da ƙaramar murya. Wanda ya cire tabaran ya ji kunnensa yana ƙara kamar kukan gyare, to ya wuce gona da iri a wannan zaman.

Ƙanena ya so ya yi odar mara igiya mai mahaɗa a ranar, na ce masa ya dakata ya yi mako biyu da sifikar jiki tukuna, ya ga lokacin da take gaza masa. Da ya dawo sai ya ce da rana ba shi da kuka, matsalarsa daga ƙarfe goma na dare ne, lokacin da iyalinsa suka kwanta kuma janaretan maƙwabcinsa ya tashi. Muka je Wuse 2 tare da tabaran a jaka, muka gwada mahaɗa uku kafin muka samu mai baki biyu da ke ba da sauti tana kuma karɓar caji. Tsohon iyafis ɗin nan da ya zo da shi gidana ranar farko, shi muka soka a ciki, muka naɗe ragowar igiyar muka ɗaure ta a bayan maɗaurin.